Mutumin da Ya Nutse a Ruwan da Bai Kai Gwiwa Ba

Akwai wani mutum a zamanin dā, tun ba a haifi kakannin kakanninmu ba, wanda Allah ya buɗe wa ƙofar arziki. Yana da gonaki a tudu, yana da fadama a kwari inda rake da shinkafa suke yi masa kyau kowace shekara. Barorinsa sun kai talatin. Amma ubansa majemi ne, cikin warin fata da ruwan bagaruwa ya girma, abin nan kuwa ya tsaya masa a rai kamar ƙaya a maƙogwaro. Da ya sami dukiya, sai ya tsani duk abin da zai tuna masa da talauci. Ko warin gumin ma'aikaci ba ya so ya ji.

Wata rana ya tara barorinsa a ƙofar gida, ya ce musu, "Daga yau kada hannun bara ya taɓa ni, ko jikina, ko bakin rigata. Duk wanda ya taɓa ni, hannun da ya yi taɓin shi zai biya."

Barori suka sunkuyar da kai, suka ce sun ji.

A cikinsu akwai makiyayin tumakinsa, sunansa Tunau. Unguwa ɗaya suka tashi da maigidan, sun sha cin tuwo a akushi ɗaya suna ƙanana. Tunau ya ji dokar, ya yi murmushi kawai. A ransa ya ce giyar arziki ce, za ta sake shi. Bai taɓa zaton mutumin da ya sani tun yana yawo ba wando zai aikata abin da ya faɗa ba.

Bayan 'yan watanni, da hantsi, maigidan ya fito duba garkensa. Yana tafe yana ɗaga kai sama, bai kula da ƙasa ba. Tunau yana biye da shi, sai ya hangi kasa, macijiyar nan mai mugun dafi, kwance a cikin ciyawa, daidai inda ƙafar maigidan za ta sauka. Babu lokacin magana. Ya kai hannu ya fizgo shi baya, har suka kusa faɗuwa tare. Macijiyar ta sulale ta shige rami.

Maigidan ya dubi ramin, ya dubi hannun rigarsa inda yatsun Tunau suka bar shaidar ƙasa. Bai ce sannu ba, bai ce na gode ba. Ya juya gida, ya sa aka kira sarkin gandu, wato shugaban barorin, aka tara kowa da kowa.

Tunau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, kasa ce. Da na yi jinkiri, da yanzu makoki ake yi a gidan nan."

Maigidan ya ce, "Na ce kada a taɓa ni sai in da maciji? Ko na ce kada a taɓa ni?"

Aka kifa turmi a tsakar gida, aka ɗora hannun daman Tunau a kai, sarkin gandu ya ɗaga taɓarya ya buga sau biyu. Mutum talatin suna tsaye suna kallo. Dukansu sun san dalilin taɓin, amma ko ɗaya bai buɗe baki ba. Wannan shirun ya fi taɓaryar yi wa Tunau ciwo.

Matarsa Dela ce ta ɗaure masa hannun da karan dawa da tsumma. Tana ɗauri tana huci, hawaye na zuba. Ta ce, "Maigida, da ka bar kasar ta yi aikin da ta zo yi."

Tunau ya ce, "Rai ne, Dela. Ba ni na ba shi ba."

Ta ce, "To, ga ladan rai nan ka samu."

Shi ma Tunau zuciyarsa tafasa take yi. Hannun ya warke, amma yatsun suka sandare, ba sa dunƙulewa. Da hagu ya koyi riƙe sanda. Maigidan kuma ya ce ba ya son ganinsa kusa, saboda haka aka mai da shi kiwo can kan tudun da yake kallon fadama. Tun daga ranar, in maigidan ya doso hanya, barori sai su dare gefe biyu, su ɓoye hannuwansu a baya. Shi kuwa yana ganin haka sai ya ji daɗi, yana tsammani girmamawa ce.

Shekara ta kewayo, rake ya nuna. Ranar da aka fara sara, maigidan yana jiran waɗansu manyan baƙi daga wani gari, sai ya yi ado tun da safe. Ya sa riguna biyar, wata a kan wata, kowace da nauyinta, ya naɗa rawani mai tsawo. Ga shi dama ya yi ƙiba, da ƙyar yake sunkuyawa. Ya ce shi da kansa zai gangara fadama ya zaɓi raken da za a kai wa baƙin.

A tsakiyar fadamar akwai wata 'yar ƙorama da aka gindaya wa gungumen giginya don ƙetarewa. Ruwanta bai kai gwiwa ba, awaki ma suna ratsa shi, sai dai ƙarƙashinsa laka ce mai kama ƙafa. Barori sun yi ta bi ta kan gungumen tun asuba da ƙafafu jiƙaƙƙu, ya yi santsi. Sarkin gandu ya lura da haka, amma ba a yi wa maigidan magana sai ya tambaya, shi kuwa bai tambaya ba.

Ya hau gungumen. Taku uku ya yi, takalminsa ya zame, ya faɗa rub da ciki. Ya kai hannuwa gaba don ya tokare, laka ta haɗiye su har kafaɗa. Rigunan nan biyar suka sha ruwa suka danne shi. Rawanin ya warware ya rufe masa fuska. Ya ɗago kai sau ɗaya, bakinsa cike da laka, ya kāsa magana, kan ya koma.

Barori suka yar da addunansu suka taru a bakin ƙoramar, maza da mata masu ɗaukar dami. Suka tsaya. Wani ya ce, "Bai ce a taɓa shi ba." Wani ya ɗauki sandar rake ya miƙa masa daga nesa, alhali mutumin ba shi da hannun da zai kama.

Tunau yana kan tudu, ya ga taron, ya ga farar riga tana motsi a cikin ruwa. Ya tsaya kamar ƙiftawar ido, ya dubi hannunsa na dama. Fushin shekara guda ya taso masa, wata zuciya ta ce masa ya zauna ya kula da tumakinsa. Sai ya jefar da sandar, ya gangaro da gudu.

Ya ratsa taron ya faɗa cikin lakar. Ya kai dama ya kama wuyan rigar, yatsun suka ƙi rufuwa. Ya kama da hagu, ya ja da dukan ƙarfinsa, amma hannu ɗaya ba zai ɗaga wannan nauyi ba. Ya juya yana kiransu da sunayensu. "Jatau, kama ƙafafunsa. Dangana, zo ka riƙe kafaɗa. Mutum biyu kawai nake nema."

Jatau ya dubi ƙasa. Dangana ya ja da baya.

Sarkin gandu ya ce, "In ya tashi fa, Tunau? Hannun wa za a ɗora a turmi?"

Tunau ya ce, "Nawa. Ga na hagu nan, shi ya rage. Ku ce ni kaɗai na taɓa shi."

Duk da haka ba wanda ya motsa. Sai ga mace ɗaya ta sauke damin da yake kanta, ta ɗaure zanenta, ta shiga ruwan. Dela ce. Fuskarta a murtuke. Ta kama kafaɗa ɗaya, mijinta ya kama ɗaya, suka yi ta kokawa da laka har suka birkito shi. Tunau ya yaye rawanin, ya sa yatsa ya kwashe lakar da take bakinsa, ya jijjiga shi, ya kira shi da sunansa na ƙuruciya wanda ba wanda ya isa ya faɗa. Amma rai ya riga ya fita.

Da barorin suka tabbata ya mutu, sai suka afka cikin ruwan gaba ɗaya. Wannan ya kama ƙafa, wancan ya kama kai, mata suka ɗora hannu a ka suna kuka, sarkin gandu yana ba da umarni yadda za a ɗauki gawar da mutunci. Tunau ya koma gefe ya tsaya, laka har ƙirji. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ashe kuna da hannuwa."

Ba wanda ya iya haɗa ido da shi. Baƙin da aka yi ado dominsu suka iso da rana tsaka, suka tarar ana haƙa kabari. Labarin ya bazu garuruwa, mutane suka yi ta mamaki, waɗansu har da dariya, wai mai barori talatin ya nutse a ruwan da akuya take ratsawa. Tunau kuwa bai taɓa yin dariyar ba har ya tsufa.

To, 'yan'uwa, ku kasa kunne, ga ma'anar misalin nan.

Maigidan nan shi ne duk zuciyar da girmankai ya kumbura ta har ta ce ba mai gyara ta. Kada ku neme shi a zamanin dā, yana zaune a cikinmu. Shi ne uban da in ya shigo gida hira take mutuwa, 'ya'ya su sulale ɗaka, shi kuwa ya ce tarbiyya ce. Shi ne dattijon ikkilisiya da aka taɓa faɗa wa gaskiya sau ɗaya, ya yi shekara uku ba ya gaisa da wanda ya faɗa masa. Ita ce uwar da ke shugabancin mata, wadda in ƙanƙanuwa ta ce mata, "Mama, nan kin yi kuskure," sai ta sa a mai da ita saniyar ware. Ba ku da turmi da taɓarya, amma kuna da harshe, kuna da gaba, da su kuke karya hannun duk wanda ya fizge ku daga bakin halaka. Sa'an nan ku ga mutane suna darewa in kun doso, ku ce ana ganin girmanku. Tsoro ne, ba ƙauna ba, tsoro kuwa ba ya shiga laka saboda kowa. Abin da zai kā da irin wannan mutum ba lalle ya zama babba ba. Ƙaramin zunubi ne, wanda kalma ɗaya ta ɗan'uwa ta isa ta tsame shi daga ciki.

Barorin nan talatin kuma, kada mu wanke su. Mu ne. Muna ganin ɗan'uwa yana nutsewa cikin sha, ko cikin neman matar wani, ko cikin zaluntar iyalinsa, mu tsaya a bakin ruwa muna cewa, "Ba ruwana, kada ya ji haushina." Ranar da ya hallaka kuwa mu ne kan gaba wajen ɗaukar makara, mu ne masu waƙa da babbar murya. Wannan munafunci ne, Allah kuwa zai tambaye mu jinin wanda muka tsaya muna kallo. Dela ta fi mu duka. Ba ta ƙaunar mutumin, tana da dalilin ƙinsa, amma ta shiga.

Makiyayin kuwa yana nuna mana Ubangijinmu Yesu. Ya miƙo hannu don ya cece mu, muka kafa wa hannun ƙusa, bai kuwa janye shi ba. Bambancin ɗaya ne. Tunau ya iso a makare, amma Ubangiji yana nan tun da sauran numfashi a ƙirjinka.

Saboda haka kafin ka tashi daga bencin nan, ka tambayi kanka, wane ne a duniyar nan yake iya duban idonka ya ce maka ka yi laifi, ya kuma kwana lafiya? Ka kira sunansa a zuciyarka. In ka duba ba ka sami ko mutum ɗaya ba, to, kada ka jira Lahadi mai zuwa. Ka san ƙofar wanda ka kora saboda ya faɗa maka gaskiya. Ka bi ta can kafin ka isa gida.