Firizar Auta

Mai Ƙanƙara mutum ne mai ƙwazo, wannan ba mai musu. Aibinsa guda ne: bai iya cewa babu ba. Ko aljihunsa ya bushe ƙarƙaf, ka tambaye shi kasuwa sai ya gyara zama ya ce aiki har ya yi masa yawa. Matarsa takan ce da cika baki na ƙosarwa, da tuni sun yi ƙiba.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne, da firiza uku jere a jikin bango. Biyu nasa ne. Ta ukun ta ƙanwarsa ce, wadda kowa ke kira Auta. Da mijinta ya rasu ta sayar da 'yan kunnenta ta saye ta, ta ajiye a wurin yayanta saboda gidan da take haya ba wuta. Da abin da firizar ke kawowa take ciyar da 'ya'yanta.

Da janaretansa ya fara ciwo, sai ya nemi rance a banki. Ma'aikaciyar da aka turo duba shagon ta zo ana tsakiyar zafi, masu saye sun yi layi har bakin titi. Ta tambayi cinikinsa, ya faɗi na makon nan. Ta ce idan akwai watannin da kasuwa ke kwanciya ya faɗa, a sassauta masa biya a cikinsu. Ya san sarai in sanyi ya shigo ko kyauta ba mai karɓar ƙanƙara. Amma ya dubi maƙwabtan da suka kasa kunne, ya ce shi kullum haka yake. Zancen bashin mai man dizal kuwa bai ko tayar ba.

"Firizan nan duka naka ne?" in ji ta.

"Duka nawa ne, ranki ya daɗe."

Ta rubuta su jingina, ya sa hannu.

Sanyi ya shigo kamar yadda ya saba. Layi ya watse, mai dizal ya matsa, banki kuma yana jiran biya irin na lokacin zafi. Ma'aikaciyar ta yi ta kiransa ya zo su zauna a duba lamarin, shi kuma kullum sai ya ce yana hanya. Daga baya ya daina ɗaga wayar. Yakan wuni a shago yana kallon bango, bai jin tsoro, bai jin komai.

Ranar da motar banki ta zo kwashe firizan, Auta na wurin, ta zo karɓar ɗan abin da aka samu. Ta ga an fitar da biyu, an nufi ta ukun.

"Yaya, ka gaya musu wannan tawa ce."

Ya kau da kai. Ma'aikaciyar ce ta ce mata, a hankali, shi ya ce tasa ce, kuma ya sa hannu.

Auta ba ta yi kuka ba. Ta sunkuya ta zare wayar firizar da kanta, ta naɗe ta tsaf, ta roƙi masu ɗauka su kula da murfin. Shi kuma ya riƙe musu ƙofa. Tun daga ranar wankau take yi a gidajen mutane. In sun haɗu takan gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, ta tambayi iyali, ta wuce. Bai taɓa samun bakin tambayarta yara ba.

Darasin a nan shi ne, mai neman rance ba dole ne ya tona duk sirrin gidansa ba, amma abin da ya shafi biya ba a ɓoye shi. Ka faɗi samunka na gaskiya har da watannin da babu, ka faɗi bashin da ke kanka, kuma kada ka kira kayan wani naka. Kunyar da ka guje wa a gaban mai ba da rance ƙarama ce, kuma sau da yawa wanda ya yarda da kai ne zai biya kuɗinta.