Ƙarar Babur a Bakin Layi

Akwai wani mai gyaran wutar lantarki da mutanen unguwa suke kira Injiniya, duk da bai taɓa taka makarantar injiniyoyi ba. Hannunsa ne ya jawo masa sunan, da kuma haƙurinsa da masu kawo masa aiki.

An taɓa yin wata tsohuwa da ta ce fitilar falonta tana kiftawa. Duk zuwan da zai yi, sai ya tarar da fitilar lafiya ƙalau, na'urar gwajinsa ma ba ta nuna komai. 'Ya'yanta suka ce tsufa ne, idonta ne ke kiftawa. Shi kuwa ya ja kujera ya zauna a falon tun hantsi yana kallon silin, har fitilar ta kifta a gabansa. Ya hau tsani, ya gano wata waya da ke saki in ta ɗauki zafi.

Wannan labari ya fi kowane daɗi a bakinsa. Yakan ƙare shi da cewa, "Ni in mutum ya ce min akwai matsala a gidansa, to akwai. Aikina in nemo ta."

Matarsa ta ji labarin nan har ta haddace shi. Malama ce a makarantar ƙananan yara. Yana kiranta Kurciya, saboda ba ta iya aiki shiru, ko wanke-wanke take sai ka ji tana 'yar waƙa a maƙogwaro. A farkon aurensu, ta san ƙarar babur ɗinsa a cikin duk baburan layin. Kafin ya kashe injin ta riga ta buɗe ƙofa. Yakan ce mata, "Yaya kike ganewa?" Sai ta ce, "Naka tari yake yi in ya sha kwana."

Daga baya cikinta ya fara damunta.

In ta ci abinci sai cikin ya kumbura, siket ɗin da ta sa da safe ya matse ta kafin yamma. Ƙasan cibiyarta ya riƙa murɗawa kamar ana matse tsumma. Wani lokaci gudawa ce mai zuwa babu sallama, wani lokaci kuma ta yi kwanaki ba ta iya yin bayan gida. In ta samu ta shiga banɗaki, ciwon ya lafa, bayan ɗan lokaci ya dawo.

A makaranta ta riƙa leƙa ajin da ke kusa da nata tana cewa, "Don Allah ki duba min su, yanzu zan dawo." Tun abokiyar aikinta tana amsawa da fara'a, har ta koma ɗaga mata kai kawai.

Gaskiya a faɗa, Injiniya bai yi sakaci da farko ba. Ya saya mata maganin ulsa a kemis, aka ce a gwada na tsutsar ciki, aka gwada. Maƙwabciya ta kawo jiƙo mai ɗaci, ta toshe hanci ta sha. Da abin ya ƙi, ya kai ta asibiti. Aka ɗibi jini, aka duba bayan gida, aka ɗauki hoton ciki. Likitan da suka gani, layi ya cika masa ƙofa. Ya duba sakamakon da sauri ya ce, "Ba mu ga komai ba. Ta rage yaji."

Likita ya ce ba su ga komai ba. Injiniya kuwa abin da ya ji shi ne babu komai.

Daga ranar harshensa ya canza. Ba zagi yake yi ba, wasa yake yi, kuma wasan ya fi zagi ciwo. In ta fito daga banɗaki sai ya ce, "Barka da dawowa daga ofis." In ta dafe ciki ya ce, "Wannan ciwo naki ɗan boko ne, ya san yadda ake ɓuya wa likita."

Wata rana suka tashi zuwa gaishe da mahaifiyarsa a wani gari. Ƙaninsa ne ke tuƙi, Injiniya yana gaba, Kurciya da matar ƙanin da gwaggonsu suna baya. Ba su yi nisa ba Kurciya ta matso ta raɗa wa mijinta cewa a tsaya a gidan mai. Aka tsaya. Da aka ƙara tafiya, ta sake taɓa kafaɗarsa.

"Kuma?" in ji shi, da ƙarfin da kowa zai ji.

"Don Allah," ta ce a hankali.

Ya juya ga ƙaninsa. "Direba, tsaya. Hajiya za ta kai ziyarar aiki. Mun zo da mai duba banɗakunan hanya, ba mu sani ba."

Ƙanin ya yi dariya. Matar ƙanin ta rufe baki da mayafi. Gwaggo ta ce, "Kai dai ba ka da dama," amma ita ma murmushi take. Kurciya ta fita ta dawo, ta zauna ta jingina kai da gilas. Har suka je suka dawo ba ta sake cewa a tsaya ba. Shi ya ɗauka ciwon ne ya ji kunya ya tafi. Bai lura cewa ko ruwa ba ta sha ba a yinin nan.

Bayan wannan ta daina cin komai in za ta fita. Sannan ta daina fitar. Ta ajiye aikin makaranta, ta ce ta gaji da hayaniyar yara, ita da take dawowa gida da labarinsu ɗaya bayan ɗaya. 'Yar waƙar nan ta maƙogwaro ta ɗauke, kuma bai san ranar da ta ɗauke ba.

Abin da ya lura da shi kawai shi ne ƙofa. Yanzu in ya dawo da yamma, shi yake buɗe wa kansa. Falo shiru, fitilar banɗaki a kunne. Kusan kullum haka.

Wata yamma ya tsaya a bakin banɗakin da jakar kayan aiki a hannu ya ce, "Wai sai na dawo ciwon yake sanin hanya? In ganina ne ba kya so, ki faɗa min kawai."

Sai ya ji ta buɗe famfo.

Yayar Kurciya ce ta zo ta ga halin da ake ciki. Mace ce mai shagon sayar da yadi, ba ta iya ɓoye magana. Ta dubi yadda wuyan ƙanwarta ya rame, ta dubi tukunyar da ba a taɓa ba, ta shiga ɗaki ta haɗa mata kaya.

"Yaya, ina kuma za ki kai min mata?" in ji Injiniya.

"Inda za a saurare ta."

"An fa yi gwaji. Lafiyarta ƙalau."

"To ka zauna da gwajin, ya dafa maka abinci."

Ya ɗauka kwana biyu za ta yi. Makonni suka wuce. In ya kira, amsarta gajera ce, cikin ladabi, kamar tana magana da baƙo. A nan ya fara gane cewa ba fushi take yi ba, kuma hakan ya fi tsorata shi. Rannan yayar ta kira shi ta ce sun samu likitar da ta ƙware a ciwon hanji, an sake wasu gwaje-gwaje, gobe za su koma. "In kana son sanin abin da ke damun matarka, ka zo. In ba ka so, ba dole."

Ya je. A ransa yana shirin jin abin da ya riga ya sani, ya ɗauki matarsa su koma gida.

Likitar mace ce mai furfura a gefen kai, ba ta gaggawar magana. Ta ce sakamakon ya yi kyau, babu gyambo, babu ƙari, babu alamar jini. Injiniya ya gyara zama ya dubi yayar. "Ai na faɗa."

"Me ka faɗa?" in ji likitar.

"Cewa ba ta da komai."

"Tana da shi," ta ce. "Gwajin ya nuna mana abin da ba shi ba ne, kuma mun gode Allah. Abin da ke damunta sananne ne, mutane da yawa suna fama da shi. Hanjinta ne mai saurin tunzura. Babu rauni a jikinsa da hoto zai nuna, amma yana murɗawa fiye da kima, yana jin zafin abin da na wani ba zai ji ba. Ba ya kisa, sai dai yana iya cinye wa mutum rayuwa in an bar shi shi kaɗai da shi. Ba a gano shi da na'ura kawai. Sai an zauna an ji bakin mai ciwon."

Ta juya ga Kurciya. "Na ce ki lura da lokutan da yake tashi. Me kika gani?"

Kurciya ta ce madara, da wake, da albasa in ta yi yawa, da lemon kwalba. Ta ce yana ƙaruwa in al'adarta ta kusa, da kuma in ba ta samu barci ba.

"Madalla. Damuwa fa? Hanji da zuciya suna jin maganar juna sosai. Akwai lokacin da yake zuwa miki kusan kullum?"

"Da yamma," in ji Kurciya. "Da can. Tun da na koma gidan Yaya ya ragu."

"Me ke faruwa da yamma?"

Kurciya ta dubi hannayenta.

"In na ji ƙarar babur ɗinsa ya shigo layi," ta ce. "Sai in fara tunanin abin da zai ce in ya same ni a ciki. Kafin ya kashe injin, cikin ya riga ya murɗa."

Ba ta faɗa da zafi ba. Ta faɗa ne kamar yadda ta faɗi madara da wake.

Likitar ta ci gaba da bayani a kan magani, da cin abinci kaɗan-kaɗan, da tafiya a ƙasa, da alamomin da in an gani a dawo da wuri. Injiniya bai ji rabinsa ba. Yana ganin fitilar banɗakin nan a kunne, da kansa a tsaye a bakin ƙofa da jaka a hannu.

Washegari da yamma ya nufi gidan yayar. Da ya iso bakin layinsu sai ya kashe babur, ya sauka, ya riƙa tura shi. Kurciya tana tsakar gida tana kwashe shanya, ta hango shi ta ƙofar da ke buɗe, gumi ya jiƙa masa riga.

"Ya lalace ne?" ta tambaya.

"A'a."

Ta gane. Ta ninke rigar da ke hannunta, ta daɗe tana gyara mata wuya.

"Ba babur ɗin ba ne," ta ce.

"Na sani. Ki yafe min, Kurciya."

"Ka tuna tsohuwar nan mai fitila?" ta ce. "Kowa ya ce idonta ne. Kai ka ja kujera ka zauna mata yini guda. Duk lokacin da kake ba da labarin nan, ina zaune ina jira in ga ranar da za ka ja min tawa kujerar."

Ya sunkuyar da kai, yana riƙe da babur ɗin. Yayar da ke leƙe ta taga ta ja da baya ta bar su.

Kurciya ta koma gidanta bayan wani lokaci. Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba, amma ta san shi, ta san yadda za ta bi da shi. Ta koma koyarwa. Injiniya ya daina wasan nan har abada. Shi yake tuna mata magani, in za su yi tafiya shi yake fara cewa a tsaya, ya ce shi ne ke son miƙe ƙafa. Ta yafe masa, kuma da gaske ta yafe.

Sai dai ƙofar nan, har yau shi yake buɗe wa kansa. Ta daina tsoron ƙarar babur ɗin, amma ta daina sauraronta ma.

Har yanzu a bakin layi yake kashe injin. Masu shagunan layin suna tsokanarsa, "Injiniya, mai gyaran na kowa, naka ya gagare ka?" Sai ya yi murmushi ya ɗaga musu hannu, ya ci gaba da turawa har ƙofar gida, ya laluba aljihu ya ciro makulli.

Darasi: In gwaji bai nuna komai ba, ba yana nufin ciwo babu ba ne. Mai fama da ciwon ciki da ya ƙi ƙarewa, kada ya gaji, kada ya tsaya a kemis, ya nemi likitan da zai saurare shi har a gano sunan ciwon. Kai kuma da kake zaune da shi, ka yarda da shi tun kafin takarda ta tilasta maka, domin ana yafe dariyar da aka yi wa mai ciwo, amma ba duk abin da ta kashe ne yake dawowa ba. Ku tura wa wani wannan labari. Wataƙila akwai wadda take can ta buɗe famfo don kada a ji kukanta.