Dalilin da Ya Sa Rana Ke Makara a Tsakiyar Sanyi

Dalilin da ya sa rana ke makara a tsakiyar sanyi, daga bakin Inna Dudu na fara jin sa, ƙanwar kakata, wata ranar da ta zo mana wuni. Ku matso, kai kuma cire yatsa daga hanci.

A da, Rana ba ta makara. Sai wata shekara, bayan kaka, ta shirya za ta kudu gaida gwaggonta. Ta ce kwana biyu za ta yi.

A lokacin akwai wata mata, Yalwa, da ta baza tattasanta a kan rufin soro, na miyar shekara guda. Kwana biyu suka wuce, Rana ba ta dawo ba, sai leƙowa daga nesa, ta ɗan haska, ta ɓace. Kullum dare na ƙara tsawo. Tattasai ya soma laushi, yana wari.

Duniya duk ta rikice. Mutanen arewa mai ƙanƙara suka hura wuta a kan duwatsu, wai ko ɓatan hanya ta yi. Na gabas suka mulmula garin shinkafa kamar fura, wai ko yunwa ce. Wasu suka kwana zaune suna shan rumman da kankana suna jiranta.

Yalwa dai ta ɗaura zane ta nufi kudu.

Ta sami Rana da gwaggonta a gindin wata tsamiya. Ashe Rana ta daɗe da yin sallama. Gwaggo ce ta rako ta, da suka iso tsamiya sai Rana ta ce, “Haba Gwaggo, da wannan ƙafar taki? Bari in taka miki.” Ta mayar da ita har ƙofar gida. Gwaggo ta ce, “Ni in bar 'yar ɗan'uwana ta fita ba rakiya? A ce me?” Suka sake juyowa. Wata biyu ke nan suna haka, har sun yi wa hanyar kwari. Kowace tana jin kunyar ta fara sallamar ɗaya.

Yalwa ta durƙusa ta gaishe su. Ta tambayi gajiya, ta tambayi sanyi, ta tambayi ƙafa.

Gwaggo ta ce, “Lafiya, 'yar nan?”

“Tattasaina ke ruɓewa, Iya.”

“Ayya. Yanzu za ta taho, in na ɗan taka mata.”

Yalwa ta miƙe, ta tsaya tsakaninsu. Ta dubi Gwaggo ta ce, “An gode, Iya, a koma haka.” Ta dubi Rana ta ce, “Ke kuma ki gaida gida.”

An riga an faɗa, ba mai iya ƙara taki ɗaya.

Gwaggo ta ce, “Wannan ba ta da kunya.”

Yalwa ta ce, “Ina da ita, Iya. Miya ce ba ni da ita.”

Rana ta kamo hanya, tana tafe tana waiwaye. Rabin tattasan ya tsira. Masu wuta suka ce wutarsu ce ta dawo da ita, masu kankana suka ce kankana ce. Yalwa ba ta yi musu da kowa ba, tana tsince ruɓaɓɓu.

Shi ya sa har yau Rana ke zuwa kudu duk shekara, a yi ta rakiya har dare ya kai iyakar tsawonsa, sannan ta tuna da Yalwa ta juyo, kaɗan-kaɗan, saboda waiwaye.

Da yamma da Inna Dudu za ta tafi, tun ba ta sa takalmi ba na ce mata ta gaida gida. Na sha ranƙwashi.