Karen Lambun Attahiru

A duk halittu babu wanda ya kai ɗan Adam fahimta. Haka dai 'yan Adam suka ce. Ba a tambayi sauran ba.

Akwai wani manomin albasa a Danchadi, zamanin Turawa, sunansa Attahiru. Yana da kare mai gadin lambu, wanda kullum yake bin tsohon mahaifinsa, Baba Maniru, zuwa fadama.

Wata safiya aka ce Di'o, Baturen mulki, zai biyo ta Bodinga, an kuma sa Attahiru cikin masu tarbarsa. Ya saka farar rigarsa ta Sallah. Yana fitowa sai ga karen a guje, shi kaɗai, duk jikinsa laka. Ya yi kuka, ya nufi hanyar fadama, ya waiwayo, ya dawo. Da ya ga ba a bi shi ba, sai ya kama bakin rigar ya ja.

Matarsa Tani ta ce, "Malam, karen ga hwa magana shika yi. Ina Baba?"

"To ki amsa mai, tunda kin iya yarensu. Dubi rigata!"

Ya ɗauki sanda ya maka wa karen a ƙafa, ya canja riga, ya tafi.

A Bodinga suka tsaya cikin rana har La'asar. Motar Di'o ta wuce ba ta tsaya ba.

Da ya dawo ya tarar da gida cike da mutane. Ashe bakin rijiyar lambu ne ya rufta da Baba. Tani ce ta bi karen, yana ɗingishi a gabanta, ta kira maƙwabta suka zaro tsohon, ruwa har wuya, ƙugu a karye.

Attahiru ya durƙusa. "Baba, ka gahwarta mini. Ban sani ba."

"An gaya maka," in ji tsohon. "Ni na aiko shi."

Daga ranar Attahiru da hannunsa yake ba karen tuwo. Karen yana karɓa, har da kaɗa wutsiya. Sai dai kafin ya ci, yakan duba ɗaya hannun tukuna.

Darasi: Dabbar da ta canja hali a gabanka saƙo ta kawo. Ka duba kafin ka ɗaga sanda. A tura wa 'yan'uwa, musamman masu saurin hannu.