Motar Malam Salifu da Injin Kyaututtuka

Jama'ar wannan shafi, ku yi mini uzuri tun farko. Wani sashe na labarin nan ya kuɓuce mini. Sunan motar na manta shi, kuma ban iya tuna ko a jirgin ƙasa aka fara ba ni labarin ko a wurin wani suna ba. Tsufa ke nan. Amma mutanen na san su, kuma abin da ya rage a kaina zan faɗe shi yadda yake.

Akwai wani saurayi mai suna Sufyan da ke aiki a wani babban sito a Vénissieux, gefen Lyon. Mahaifinsa Malam Salifu yana zaune a Saint-Denis, gefen Paris. Ya ƙarar da ƙarfinsa yana tuƙa manyan wani ofishin ƙasa da ƙasa a Paris. Da ofishin ya tashi sayar da motar da yake ja, wata doguwa baƙa ƙirar Amurka, shi ya saye ta. Daga baya injin ya mutu, idon Malam ma ya yi rauni, sai ya bar wa ɗansa ita.

Wata shekara Malam Salifu ya ce idan zafi ya wuce zai koma Damagaram gaba ɗaya. Sufyan ya zo gaishe shi, ya durƙusa.

"Baba, kafin ka tafi sai na zagaya da kai Paris a motar nan. Ni a gaba, kai a baya, inda manya ke zama."

Tsohon ya yi dariya. "Shekara da shekaru ina buɗe wa mutane ƙofar nan, ban taɓa zama a kujerar baya ba. To, Allah ya nuna mana."

Sufyan ya kai motar garejin abokinsa Kamal, bakanike. Kamal ya leƙa cikinta, ya goge hannu.

"Hanya biyu ce. Ko mu yi odar injin akwati, wanda masana'anta ta haɗa ta gwada, mu ɗora kawai, ga garanti. Ko mu haɗa naka da hannu, ƙarfe bayan ƙarfe, yadda ranka ke so. Shi ma zai yiwu kafin tsoho ya tafi, amma da sharaɗi. Tsari ɗaya za mu tsayar, kada ka canza mini."

"Injin akwati?" in ji Sufyan. "Irin na kowa da kowa? Haba Kamal. Ni so nake in na taka a babbar hanya mutane su juyo."

"Tsoho za ka ɗauka fa, ba tsere za ka ba."

"Kai dai haɗa."

Suka tsayar da tsari, aiki ya kama, kuma yana tafiya daidai.

To, kun san mu. Labari ba ya kwana a ciki. Ranar wata Juma'a a unguwar La Guillotière ta Lyon, Alhaji Nouhou, aminin Malam Salifu mai shagon shigo da kaya, ya kira Sufyan ciki. Bayan doguwar gaisuwa ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin kanta.

"Ɗana, na ji kana ta da motar Malam. Karɓi wannan. Turbo ne, an ce yana ƙara wa inji ƙarfi. Gudunmawata ke nan."

Sufyan ya san babu turbo a tsarinsu. Amma yaya za a yi ya ce wa aminin ubansa a'a? Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya yi godiya har ƙasa.

Da Kamal ya buɗe kwalin, sai da ya zauna.

"Wannan fa? In za mu sa shi, rabin aikin da muka yi ya tashi a banza. Kuma sai hukuma ta duba motar kafin ta hau titi. Kai shi gida ka ajiye, ai ka riga ka gode."

"In ya ce in buɗe gaban motar ya gani fa?"

"Sai ka ce bai shiga ba."

"Alhaji Nouhou zan gaya wa haka? Sa shi kawai."

Aka kwance abin da aka ɗaura, aka sake odar wasu kaya, aka zauna jira.

A nan ma akwai ɗan abin da na manta, ina jin wani ya kawo bututun hayaƙi. Wanda ban manta ba shi ne na Kawu Abdourahamane, ƙanen mahaifiyar Sufyan da ke Paris. Da ya ji kyautar Alhaji, ya bugo waya.

"Bare ya ba da nasa, ni kawunka in zuba ido? Na aiko maka fistan, ƙarafan nan masu hawa da sauka a cikin inji, masu tsada. Bature mai shagon ya rantse mini babu irinsu."

Kamal ya juya fistan ɗin a hannu, ya dubi sama.

"Ya Allah, ka ba ni haƙuri. Sufyan, waɗannan masu kyau ne, turbon ma mai kyau ne, amma ba sa zama gida ɗaya. Waɗannan matsi suke yi da yawa, turbo kuma ya ƙara tura iska. Injin zai ci kansa. Zaɓi ɗaya."

"In na cire na Kawu, uwata za ta ji. In na cire na Alhaji, Baba zai ji. Kai ne gwani, nemo dabara."

"Ni bakanike ne, ɗan'uwana, ba mai sulhun dangi ba!"

Duk da haka Sufyan ya nace, Kamal kuma ya gaji da musu.

Ana cikin haka ƙanwarsa Widad, wadda ke kula da tsohon a Saint-Denis, ta kira shi.

"Yaya, ina motar? Baba ya sa na goge masa babbar rigarsa, ya rataye ta a bayan ƙofa. Kullum sai ya tambaya."

"Saura kaɗan."

"Tun kafin azumi kake cewa saura kaɗan. Sayi na akwatin mana, a huta."

"Me zan ce wa Alhaji? Me zan ce wa Kawu?"

"Me za ka ce wa Baba?"

Ya kashe wayar.

Ranar gwaji, injin ya tashi da ƙugi, har maƙwabta suka leƙo. Sufyan ya yi tsalle. Suka fita ɗan zagaye a bayan garejin, ya ɗan taka. Sai suka ji ƙwas-ƙwas daga ciki, sannan hayaƙi, sannan shiru. Da aka buɗe, fistan ya huje, jikin injin ya tsage.

Sufyan ya dubi Kamal, ya ce a hankali, "Yi odar na akwatin."

Kamal ya yi ta buga waya, wuri bayan wuri. Ya ajiye ta.

"Agusta muke. Faransa duk ta tafi hutu. Ba zai iso ba sai bayan tsoho ya tashi."

Sufyan ya kasa gaya wa mahaifinsa. Widad ce ta faɗa. Malam Salifu ya ce ta kai shi Lyon a jirgin ƙasa. Ya iso garejin da hantsi, sanye da babbar rigar nan. Motar tana gefe, gabanta a buɗe, wurin injin rami ne kawai.

Tsohon ya shafa jikinta. Ya lalubi ƙofar baya, ya tsaya.

"Direba, ba a buɗe wa mai gida ƙofa?"

Sufyan ya buɗe. Malam ya shiga, ya gyara riga, ya jingina.

"Shiga mu tafi."

Sufyan ya zauna, ya kama sitiyari. Motar na tsaye wuri ɗaya, amma daga kujerar baya tsohon ya fara ba da hanya kamar a Paris suke. "Miƙe. Yanzu dama, mu bi bakin kogi. Sannu a nan, akwai 'yan sanda. Ka ga gadar can? A nan na taɓa tsayawa cikin ƙanƙara ina jiran wani babba, ranar da aka haife ka."

Kamal ya kashe rediyon garejin. Widad ta juya baya.

Da suka gama zagayen, Malam ya dafa kafaɗar ɗansa.

"Ashe haka bayan yake da daɗi. Sufyan, ni gudu na bar shi tuntuni. Da ko injin keken ɗinki ka sa mata, in dai tana motsi, ya ishe ni."

A ƙaramar motar Widad aka kai shi filin jirgi.

Bayan wani lokaci na biya ta La Guillotière, na zauna shan shayi a shagon Alhaji Nouhou. Don kada in ba ku abin da ban tabbatar ba, na tambaye shi zancen turbon. Sai da ya yi tunani kafin ya tuna. Ya ce kuskure aka yi aka haɗo shi cikin kayansa, ya tare masa wuri, shi ya sa ya bayar. Bai taɓa niyyar leƙa cikin motar ba. Ya ce mini, "Da yaron ya ce ba ya so, wallahi da na ba wani."

Darasi: Kafin ka zaɓi hanya, ka tuna don wa kake aikin. Karɓar kyauta ladabi ne, amma ba dole ba ne kowace kyauta ta shiga cikin injinka. Wanda ya ji kunyar kowa yakan ƙare da saɓa wa wanda ya fi cancanta. In ka san mai irin halin Sufyan, tura masa wannan tun tsohonsa yana kusa.