Allurar Zaharaddin da Bokitin Yashi

Akwai wani mai gyaran waya a kasuwar Garwa da ake kira Zaharaddin. Gwani ne, kuma matsalar ita ce ya san gwani ne. Shagon na mahaifinsa ne ya gada, ba shi da komai a duniya bayan wannan rumfar.

Yana da wata dabara da yake alfahari da ita. Idan aka kawo masa batirin da ya kumbura, sai ya tsira masa allura iskar ta fita, ya danne shi da ɗan katako, ya jefa a durowa ya jira mai saye.

Wata rana Raihana ta zo layinsu. Ta karanci kimiyya a Ngaundere, ta dawo ta buɗe ƙaramin wurin aiki inda take karɓar matattun batura. Ta bi shago shago tana raba bokiti cike da yashi.

"Malam Zaharaddin, duk batirin da ya mutu ka liƙe bakinsa da salatif ka binne a nan, zan riƙa zuwa ɗauka duk Laraba," in ji ta. "Baƙin garin da ke cikinsu bai lalace ba, sinadarin lithium ɗinsa ne ya ragu. Muna kankare shi mu mayar masa da abin da ya rasa, mu gasa, ya sake riƙe caji. Amma don Allah ka bar hudawa, wuta yake kamawa."

Ya yi dariya. "Madam, shekara goma ina hudawa. Ke da kika zo jiya da takarda za ki koya mini?"

Ko juya baya ba ta gama yi ba ya zubar da yashin a kwata. Bokitin ya koma na sanyaya ruwan leda.

Maƙwabciyarsa Sidonie atamfa take sayarwa, ba ruwanta da batir, amma ta roƙi Raihana ta ba ta bokiti ɗaya. Ta ce katako ɗaya ne ya raba kayanta da durowar Zaharaddin. Har mako guda yana tsokanarta, wai ko gini za ta fara.

Ranar wata Asabar a tsakiyar zafin Afrilu, ana shirin azahar, durowar ta fara huci. Farin hayaƙi mai wari ya turnuƙe shagon, harshen wuta ya leƙo. Zaharaddin ya rarumi bokitinsa, ya tarar da ledar ruwa biyu kacal a ciki.

Sidonie ce ta shigo da nata. "Matsa, maƙwabci." Ta fisgo durowar da ƙarfen rataye atamfa ta faɗo ƙasa, ta juye mata yashin gaba ɗaya. Durowar ta ƙone, shagon ya tsira.

Da Laraba ta zagayo Raihana ta duba gawayin baturan. Ya jira gori, bai samu ba.

"Waɗannan ba sa gyaruwa," ta ce. "Da ka binne su, da duk sun dawo aiki."

Kunya ta kama shi sosai. Ya ciro allurar daga aljihu ya miƙa mata, ya ce ko za ta ƙara masa yashi.

"Yashi yana bakin Kogin Binuwai, kyauta ne."

Da la'asar mutanen layin suka ga Zaharaddin yana dawowa daga kogi a ƙafa, gumi sharkaf, da bokiti biyu. Na Sidonie ya fara ajiyewa.

Darasi: Daɗewa kana yin kuskure ba ya mayar da shi daidai, kuma wanda ka raina shawararsa yau yana iya zama silar tsirarka gobe. Kada ku huda batir, kada ku jefa shi a shara. Ku tura wannan labarin ga duk mai gyaran wayar da kuka sani.