Mai Fito a Littafin Asali

Akwai wani mutum a ƙasar Sin ta dā, malami ne, ya kuma yi wa sarki aikin alƙalanci shekara talatin. Ya rubuta littattafai a kan gyaran madatsun ruwa da sasanta rikicin gonaki, har ana kwafarsu a wasu larduna. Da ya tsufa ya koma garinsu, ya shuka gora a bayan gida, ya zauna rubuta littafin asalin gidansu, gidan Pan.

Yana da ɗa guda wanda ya ci jarrabawar sarki, yana jiran a ba shi aiki a babban birni. A wancan zamani manyan fada sukan duba asalin mutum kafin su ɗora shi a kujera. Ɗan ya leƙa rubutun, ya ga an fara da kakan mahaifinsa, wani mai fito a bakin kogi, wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba. Hankalinsa ya tashi. Ya ce akwai wani waziri mai suna Pan da ya yi zamani tuntuni, gidaje da yawa sun jingina kansu da shi, ba wanda ya bincika. A sa wazirin a sama, a bar mai fiton.

Tsohon ya ci gaba da niƙa tawadarsa. Can ya ba shi labarin da bai taɓa ba shi ba. A rubutun mutanen Sin kowace kalma da nata zanen. To, idan masu tafiya jarrabawa suka zo ƙetare kogi, mai fiton nan ba ya karɓar kome a hannunsu, sai dai kowa ya zana kalma ɗaya a kan yashi, ya koya wa ɗan mai fiton. Wata shekara kalma arba'in, wata shekara kalma tara kawai, don ruwa ya janye, mutane suna ƙetarewa da ƙafa.

“Da kalmomin nan mahaifina ya koya mini,” in ji tsohon, “ni kuma na koya maka. Wazirin nan me ya taɓa ba mu?”

Ɗan ya ce, “Baba, za su hana ni kujerar.”

“Mai yiwuwa ne, ɗana.”

Haka kuwa aka yi. Aka tura shi wata ƙaramar gunduma mai yawan fadama. Ya yi fushi damina biyu, sa'an nan aikin ya shiga ransa, ya gina gadoji uku. Bayan rasuwar tsohon, littafin ya dawo hannunsa. Bai goge kome ba. A ƙarƙashin sunan mai fiton ya ƙara da hannunsa: “Shi ya ƙetarar da mu.”

Ma'anar wannan misali ita ce, Allah yakan aiko mana da alherinsa ta hannun mutanen da duniya ba ta kallo. A cikin zuriyar da Ubangijinmu ya fito akwai makiyayi, akwai baƙuwa mai kalar hatsi a gonar wani, ba a kuwa ɓoye su ba. Wasunmu uwa mai sayar da ƙosai ce ta kai su makaranta, wasu kawu mai faci. In an tambaye ka ɗan wane ne kai, faɗi sunan nan a fili, ka gode wa Allah dominsa, ko da faɗin zai rage maka wani abu a idon mutane.